Gayaunar da Ba Ta Shiga Fom Ba

Ku yaran da aka ɗauka aiki bana, na ji abin da kuke faɗa a gindin darbejiyar ofis. Wai aikin nan ba wani abu ba ne: ka hau babur, ka isa ƙauye, ka tambayi manomi ko yana shuka irin da aka raba masa, ya ce e ko a'a, ka danna waya, ka dawo kafin la'asar. To madalla. Ni a kan wannan tambaya guda ɗaya na yi furfura, tsakanin Funtuwa da Malumfashi babu burtalin da tayar babur ɗina ba ta taka ba, kuma har na ajiye aiki ba zan iya rantsuwa cewa na taɓa kawo amsa daidai ba. Ku gyara zama in ba ku labarin waken Dakta Bulus. In kun gano inda na ɓata ku nuna mini, don ni har yau kaina bai gama kwancewa ba.

Da farko ku sani, mu ba masu bincike ba ne. Masu bincike suna can suna fama da tsiro ɗaya shekara da shekaru, sai iri ya fito a raba wa manoma. Mu ake turowa daga baya, bayan damina biyu ko uku, mu gano ko abin ya zauna a gona ko kuwa an dafa an cinye. Abin da muka rubuta shi manya ke dubawa su ce wannan iri a ci gaba da ninka shi, wancan a bar shi. Manomi ba ya biyan mu, ba ya ma neman mu. Masu jiran hajarmu suna ofis, kuma abu ɗaya suke saye, lamba.

Kayan aikina a lokacin ba su da yawa. Katako mai maƙalli na ɗora takarda, fensir uku da reza, igiyar awo, ɗan sikeli mai ƙugiya, da ƙananan ledoji na zuba samfuri. Sai babbar leda guda da nake naɗe fom a ciki, ko ni zan jiƙe ita ba ta jiƙewa. Ba ma aiki da biro, saboda ɗigon ruwa ɗaya ya isa ya mai da amsar mutum taswira, sannan manomi yakan canza magana tun ba ka rufe fayil ba.

Aikina na farko a wani ƙauye ne kusa da Tsiga, a kan masara. Wanda ya koya mini aikin, Malam Garba, mutumin Tsiga ne, gajere mai ƙarancin magana. Ya ba ni fom ya ce in zaga, shi kuwa ya zauna a rumfar mai shayi. Kafin azahar na gama, kowa na tambaya ya ce e, yana shukawa, iri ne mai albarka, a gode wa gwamnati. Na dawo ina ji da kaina. Malam Garba ya duba takardun ya ajiye, washegari ya ɗauke ni muka bi gonakin mutanen ɗaya bayan ɗaya. Ko kara ɗaya na sabuwar masarar ba mu gani ba. A hanyar dawowa ya ce mini, "Ka zo da takardar hukuma, an shimfiɗa maka tabarma, an dama maka fura. So kake su dubi idonka su ce abin da ka kawo ba sa so?"

A ƙauye na gaba sai abin ya juye. Kowa ya ce a'a, bai taɓa ko ganin irin ba, alhali masarar tana tsaye a bayan katanga tana kallon mu. Ashe wani ne ya hangi buhu ɗaure a bayan babur ɗin Malam Garba, ya baza cewa rabon iri aka zo, kuma wanda ya ce yana da shi ba za a ba shi ba. Buhun nan garin rogo ne na gidansa. Daga ranar ya kafa mini doka: baki yana kara, baki yana kwaɗayi, gona ce kawai ba ta san kunya ba. Kada in rubuta komai sai maigida ya kai ni gonarsa na gani da idona, gani ya kori ji. Na riƙe karatun nan da hannu biyu, kuma shi ne daga baya ya kayar da ni.

Ko a gonar ma ba a rasa ɗaurin kai. Fom ɗinmu gurbi biyu gare shi, e da a'a. To mutumin da ya shuka bara ya bari bana, ina zan sa shi? Wanda ya gauraya da tsohon irinsa fa? Wanda ya shuka kunya biyu kacal a bakin hanya don in na zo wucewa in gani? Na taɓa tambayar Malam Garba, ya ce in rubuta wanda in aka tsare ni zan iya maimaitawa. Ban gane ba a lokacin, yanzu ma ba zan ce na gane duka ba.

Shi Dakta Bulus mutumin kudancin Zariya ne, dogo siriri, kullum da malafa, ƙafar wandonsa ba ta rabuwa da laka. Rabin rayuwarsa a kan ƙuduji ya ƙare, wannan mugun tsiro da ke maƙale wa saiwar wake ya tsotse shi har ya ƙanƙance. Daga ƙarshe ya fitar da wani wake fari mai jan hanci wanda ƙuduji ba ya kamawa. Gajere ne, a tsaye yake ba ya yaɗo, kuma yana nuna da wuri tun dawa ba ta yi ƙwari ba. Aka raba shi ƙauyuka, kowane maigida ɗan ƙulli. Bayan damina uku sai magana ta taso a kan filin da ake ninka tsantsar irin. Wani sashe yana son filin don waken suya. Aka yanke cewa a tura mutum ya duba: in manoma sun karɓi waken Dakta, fili nasa ne, in ba su karɓa ba a rufe babin. Irin wake kuwa ba tsakuwa ba ne, in ba a sake shuka shi ba, zafi da ƙwari za su gama da shi a sito cikin 'yan shekaru. Wato rufe filin kashe irin ne. Mutumin da aka tura ni ne, lokacin Malam Garba ya yi ritaya.

Ranar da zan fita Dakta ya tare ni a bakin ƙofa. Ya ce, "Malam Sani, kada ka yi mini kara. Abin da ka gani shi za ka rubuta." Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, ni ɗalibin Malam Garba ne.

Gidan da na fi tunawa shi ne na Alhaji Mamman, a wani ƙauye bayan Mahuta. Babban gida ne, 'ya'ya da jikoki, shanun huɗa biyu. Fom ya ce a tambayi maigida, na tambayi maigida. Ya ce ba ya shuka waken nan. Na ce ya kai ni gona, bai yi musu ba, ya ɗauki sandarsa muka tafi. Muka zaga gonar kusurwa zuwa kusurwa, na ja igiya, na duƙa na ɗaga ganye. Tsohon wake ne mai yaɗo a ƙarƙashin dawa, ga ƙuduji nan jefi-jefi. Na tambaye shi dalili, ya ce waken Dakta ba shi da harawa, shi kuwa yana da shanu da tumaki da za su ci da rani. Dalili ne mai ƙarfi, na rubuta shi da kyau. A hanyar komawa muka ratsa ta gefen wasu ƙananan filaye, na hangi wake gajere yana fure, na ce wannan fa? Alhaji bai ko waiwaya ba, ya ce ba nasa ba ne. Na ɗauka na wani maƙwabci ne wanda sunansa bai faɗo cikin jerina ba, na bi bayansa muka wuce.

Haka na yi ta yi mako uku, gida bayan gida, har ƙauyukan da ke wajen Malumfashi. Maigida ya ce a'a, gona ta ce a'a, dalili kusan ɗaya. Ban taɓa yin aiki mai tsabta kamar wannan ba, ko kankare ɗaya babu a takardun. Na haɗa rahoto na sa hannu na miƙa. Dakta ya karanta a tsaye, ya tambaye ni ko da ƙafata na je gonakin. Na ce da ƙafata. Ya gyaɗa kai, ya gyara malafarsa ya fita. Na ji tausayinsa, amma na ji daɗin cewa ban yi kara ba.

Ba a yi wata guda ba na shiga kasuwar Funtuwa sayen wake na gida. Akwai wata Hajiya Ramota mai sayen hatsi tana lodi zuwa kudu. Iyayenta daga ƙasar Yarbawa suka zo, ita a Funtuwa aka haife ta, Hausarta ta fi tawa gishiri. Na tarar da ita gaban tulin sabon wake, a lokacin da tsohon irinmu ko fure bai gama ba. Na ɗebo a tafina. Fari, jan hanci, waken Dakta. Na tambaye ta daga ina, sai ta shiga jero mini sunayen ƙauyukan da na gama zagawa, kamar ta karanta fayil ɗina. Ta ce damina biyu ke nan tana saye, bana ya fi bara yawa, kuma shi ne ke riƙe mata ciniki kafin kaka ta yi.

Ta ce, "Malam, ashe kai ne ake cewa kana yawo da takarda kana tambayar wake? Da nan ka zo, da ka huta da ƙona mai."

Na ce masu gidajen da bakinsu suka ce mini ba sa shukawa. Ta yi dariya ta ce ita ba ta taɓa sayen wannan wake a hannun maigida ba. Ba ya zuwa a buhu, tiya-tiya yake zuwa, daga samari magidanta da tsofaffin mata masu tattaro na matan gida. Na tsaya riƙe da wake a hannu har ta tambaye ni ko zan saya ne ko in ba mutane wuri.

Washegari da sassafe ina ƙofar Alhaji Mamman. Na roƙe shi ya raka ni filayen nan na gefen hanya. An riga an tsince rabi, sauran kuwa ya yi nauyi har yana sunkuyawa, babu ƙuduji ko ɗaya.

Na ce, "Alhaji, kwanaki ka ce mini ba ka shuka waken nan."

Ya ce, "Kuma ban shuka ba. Wannan gayaunar Habu ce, babban ɗana. Ta can ta uwarsu ce. Ƙullin da kuka ba ni shi na ba Habu ya gwada. Ba a gwaji da gandu, Malam, bakuna da yawa ke kansa."

"To me ya hana ka faɗa mini?"

Ya dube ni sama da ƙasa. "Kai ba ɗan manoma ba ne? Ni in tsaya gaban baƙo ina lissafa abin da ɗana ya noma da guminsa? In ya ji sai ya ce ido na sa masa. Na gandu ka tambaye ni, ko dami nawa ne zan gaya maka. Na gayauna, mai ita ake tambaya."

Yawancinku 'yan birni ne, bari in fayyace. Gandu shi ne babbar gonar gida, maigida ke riƙe da shi, kowa ya yi aiki a ciki, daga shi ake cika rumbu. Gayauna ɗan fili ne da ake yanka wa ɗa ko matar gida, a nome shi bayan an tashi daga gandu, abin da ya fito na mai shi ne, kuma uba mai mutunci ba ya leƙawa. Abin kunyar shi ne ni ba sai an fayyace mini ba. A gandu na tashi, ina da gayaunata ta gyaɗa tun ban yi aure ba, kuma mahaifina har ya rasu bai taɓa tambayar kwano nawa na samu ba. Na san wannan kamar yunwar cikina. Amma da na ɗauki katako na ga an rubuta “maigida” a saman fom, sai sanin ya fice mini fit. Na je gona kamar yadda aka koya mini, sai dai gonar da mai amsa ya ga ya halatta ya nuna mini ita na je. A wurin nan kunya ta kama ni har na kasa haɗa ido da tsohon.

Na koma ofis a guje na samu shugaban sashenmu. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya tambaye ni gayauna nawa ce. Na ce da yawa. Ya ce da yawa ba lamba ba ce. Ya ce kuma wane Malam Sani zai gaskata, na watan jiya ko na yau? Duk da haka ya yi mini adalci, ya ce saura kwana goma a zauna taro, in kawo abin da zan iya.

Kwanaki goman nan ban taɓa shiga ruɗani irinsu ba. Ba ni da fom na gayauna, sai na tsaga littafin makaranta na ja layi da kaina. Matan gida ba na iya shiga wurinsu, sai na ɗauki mai ɗakina a bayan babur tana shiga tana tambayowa. Ta fito ta ce wata ta ce nata ba na gwamnati ba ne, yayarta ce ta aiko mata daga Musawa. To wannan ta karɓi bincike ko ba ta karɓa ba, tunda ba ta san an yi shi ba? Wata ta ce ta shuka amma ta ba wa 'yarta filin. Gida ɗaya gayauna biyar, uku da waken Dakta, gandu babu: gida ɗaya zan ƙirga, ko uku, ko sifili? Ina cikin wannan sai magana ta zaga cewa malamin gona yana rubuta gayauna ne don za a sa mata haraji. Daga ranar kowa ya rufe baki. Habu da kansa, wanda na tsaya cikin wakensa, ya dube ni ya ce shi ɗan kaɗan ya yafa, kuma baɗi ba zai sake ba. Ga shi an tsince yawancin filayen, awaki sun bi ta kan saura, gonar da ba ta ƙarya ma ta yi shiru.

Ranar taro takarda biyu aka ajiye a tebur, duka da sa hannuna. Ɗaya tsaf, gurbi-gurbi, da awon gona da dalilai. Ɗaya kuwa shafukan littafin yara ne, duk kankare, rabi da rubutun matata, da labarin wata mai sayen wake a kasuwa. Wani daga cikin manyan ya ce abin a bayyane yake, Malam Sani ya ga ran Dakta ya ɓaci ne yake son yi masa kara. Na buɗe baki in yi musu, sai na tuna ni ne na sha koya wa mutanen ofishin nan cewa baki yana kara. Aka ɗauki ta farko. Aka ba waken suya fili.

Na bi Dakta har bakin motarsa, na roƙe shi ya bi ni kasuwa ko sau ɗaya ya ga tulin da idonsa. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Na gode, Malam Sani. Amma ai na ce kada ka yi mini kara." Bai je ba. Ba a jima ba ya ajiye aiki ya koma garinsu, can kuma ya rasu. Iya sanina, ya tafi yana ganin manoma sun ƙi wakensa.

Kun ga wayoyin nan naku, ban raina su ba. Suna nuna inda kuka tsaya, suna ɗaukar hoton ganye, ba sa jiƙewa a leda. Na kuma san akwai ƙauyukan da yanzu ba kwa iya shiga, sai dai ku kira mutum ku tambaye shi daga nesa, wannan ba laifinku ba ne. Amma na karɓi wayar ɗayanku na duba jiya, layin farko har yanzu sunan maigida yake nema. Ban ce ku goge shi ba, don ni ma ban san abin da ya kamata a sa a madadinsa ba.

Shekarar da zan yi ritaya, wata ranar kasuwa, aka yi sallama da ni a ofis. Habu ne, ya yi ƙiba, gemu ya fara fari. Alhaji Mamman ya rasu, gandu ya dawo hannunsa. Ya ce ƙuduji ya cinye musu gona, tsohon wake ko irin da aka zuba ba ya mayarwa, kuma yanzu da yake shi ke da magana yana son ya shuka waken nan a gandu gaba ɗaya, harawa a nemo ta wani wuri. Haka ma sa'o'insa da suka gaji gidaje, su suka turo shi. Sai dai irin da ke hannunsu ya bi tiya da kwano shekara da shekaru ya gauraye. Ya kwance ƙulli ya zuba a tafinsa: ga jan hanci, ga baƙin hanci, ga wani ruwan ƙasa da ban san daga inda ya fito ba. Ko masu jan hancin ma wasu ƙuduji na kama su, kama da wane ba ta wane. Tsantsa yake nema, ko nawa ne.

Na ce ya jira ni. Na je sito, ni da mai riƙe da makulli muka ɗaga buhuna, muka duba kantoci har na can ƙurya. Muka sami gwangwani ɗaya mai lambar irin. Da muka buɗe, gari ne da matattun ƙwari.

Na dawo na gaya wa Habu cewa an daina ninka wannan iri tuntuni. Ya tambayi dalili. Na ce an samu rahoto cewa manoma ba sa so.

Ya ce, "Wa ya ce ba ma so?"

Na so in ce mahaifinka ne. Na so in ce kai ma da bakinka ka ce baɗi ba za ka sake ba. Amma hannun da ke ƙasan takardar nawa ne. Na ce, "Ni ne, Habu."

Ya dubi waken da ke tafinsa. Bai yi faɗa ba, bai ko ɓata fuska ba. Ya mayar da shi cikin ƙulli a hankali don kada ƙwaya ta faɗi, sannan ya ce, "To Malam, sai ka rubuta musu cewa muna so."

Na ce to. Ban iya gaya masa cewa babu sauran wanda za a rubuta wa ba.